Sharhi kan masu hidimar jana'iza a Agege, a ranar da dangi suka rabu biyu

A yankin Agege da ke Legas akwai wasu Musulmi da suka riƙi hidimar jana'iza a matsayin sana'a. Suna da motar ɗaukar gawa da masu wanka maza da mata, suna kawo likkafani da makara, sannan suna bin takardun asibiti da na maƙabarta a madadin iyalan mamaci. Mun neme su ne lokacin rasuwar baffana, wanda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana fataucin shanu tsakanin Arewa da mayankar Oko-Oba, kuma abin da ya fi jan hankalina a aikinsu shi ne yadda suka riƙe kansu a tsakiyar rigimar da ba tasu ba.

Marigayin ya sha faɗa da bakinsa cewa a mayar da shi garinsu a jihar Katsina, a binne shi kusa da iyayensa, amma bai rubuta ba. 'Yan'uwansa na gida suka tsaya a waya cewa wasiyya amana ce, sai an cika ta, yayin da matarsa da 'ya'yansa, waɗanda duk a Legas aka haife su, suka dage a yi masa sutura a ranar, a inda za su riƙa ziyartar kabarinsa. Maganar ta yi zafi har aka fara tono tsofaffin ƙorafe-ƙorafe da ba su shafi mamacin ba.

Shugaban masu hidimar bai goyi bayan kowa ba, duk da cewa kai gawa Arewa shi ne aikin da zai fi kawo masa kuɗi, kuma a nan ya samu girma a idona. Ya sa aka buɗe muryar waya kowa yana ji, ya bayyana cewa tafiyar ta haura kilomita 1,000 ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, cewa akwai shingayen jami'an tsaro da za su nemi takardar shaidar mutuwa, kuma zafin hanya na iya tilasta a yi wa gawar allurar hana ruɓewa a mutuware. Idan ta jirgin sama ne, sai an rufe ta a akwati na musamman. Da yawa daga cikin masu cewa a kawo shi gida ba su taɓa tunanin abin da jikinsa zai gamu da shi ba.

Daga nan ya ce hukuncin shari'a ba huruminsa ba ne, a kira liman. Liman ya kawo hadisin Abu Huraira da ke umarni da gaggauta jana'iza, da yadda Annabi (SAW) ya sa aka mayar da shahidan Uhudu aka binne su inda suka faɗi. Bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin ya ambaci cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya rasu a Aƙiƙ aka ɗauko shi zuwa Madina, kuma malaman Malikiyya sun halatta ɗaukar gawa zuwa wani gari muddin ba za ta canza ba, ba kuma za a keta mutuncinta ba. Da kowane ɓangare ya ji cewa ɗan'uwansa bai fita daga addini ba, sai murya ta sauka. An sallace shi bayan La'asar a Legas, aka yi zaman makoki a garinsu, kuɗin da aka yi niyyar kashewa wajen kai shi Arewa kuma aka biya bashin da ke kansa da su.

Wankan ya yi kyau ƙwarai. Sun kiyaye al'aura, sun zo da magarya da kafur, sun bar babban ɗansa ya shiga ya taimaka, kuma babu wanda ya ɗaga waya yana hira a kan gawa. Motar tana da tsabta, ko da yake cunkoson hanya ya sa ta makara.

Inda ban gamsu ba shi ne farashi. Da baki aka faɗi kuɗin, daga baya kuma aka ƙaro na masu haƙa kabari da na bin takardu, a lokacin da babu mai ƙarfin zuciyar yin ciniki. Ban ce an cuce mu ba, amma iyalin da suka riga suka yi saɓani suna iya sake kama juna a kan wanda ya amince da wane kuɗi, musamman da yake daga dukiyar mamaci ake fitar da kuɗin jana'iza tun kafin a zo kan bashi da gado. Duk wanda zai neme su ya wakilta mutum ɗaya daga dangi ya zauna da su, a rubuta kowane aiki da kuɗinsa a takarda kafin motar ta taso.