Gargaɗi ga masu sayen 'yan tsaki: buroila 200 aka biya, zakaru aka kawo

Jama'a masu kiwon kaji a bayan gida, ku karanta wannan kafin ku sake tura wa kowa kafin alƙalami. Akwai wani mutum da ke tallar 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya a intanet, yana haɗawa da akurkin katako da raga, wai a kawo maka komai har gida. Buroila, wato kajin nama, guda 200 aka biya shi. Kwali huɗu, hamsin-hamsin. Yau kwana 42, kuma abin da ke yawo a ɗakin nan zakaru ne 165, buroila na gaskiya 24 kacal, sauran 11 sun mutu tun makon farko. Ɗari biyu aka biya, cikakken kuɗi, rabi kafin a ɗauko, rabi a bakin ƙofa. Ashirin da huɗu aka samu.

Ga yadda zambar take, don ba shi ya fara ta ba. Kajin ƙwai masu ruwan ƙasa, irin su ISA Brown da Lohmann Brown, tun ranar ƙyanƙyasa ake bambance macensu da namijinsu ta launi: macen ja-ja ce, namijin fari ne mai ɗan rawaya. Mai neman ƙwai ba ruwansa da mazan, shi ya sa wurin ƙyanƙyasa ke rabuwa da su a arha ƙwarai. To ɗan buroila, Cobb 500 ne ko Ross 308, shi ma launinsa ke nan a ranar farko. Sai ɗan damfara ya kwashi waɗannan mazan, waɗanda 'yan kiwo ke kira kokarel, ya zuba su a tsohon kwali mai tambarin buroila, ya yayyafa na gaskiya kaɗan a ciki, ya karɓi kuɗin buroila. Kafin ido ya gane, an yi mako biyu ko uku, shi kuwa ya riga ya canja layi.

Abin da ke ci min rai har yanzu tambaya ɗaya ce da ya yi. Ana gobe za a kawo su ya kira ya ce, "Yallaɓai, ka dai kunna wuta a ɗakin tun yau ko? Kar a zuba su a kan ƙasa mai sanyi." Wannan maganar ce ta sa na saki jiki. Domin gaskiya ce: ɗakin raino sai an ɗumama shi awa 24 kafin isowarsu, shimfiɗar ƙasa, wato sassaƙen katako ko buntun shinkafar da ake baza musu, ta kai maki 28 zuwa 30 a ma'aunin Celsius, zafin da ke ƙarƙashin wuta ya tsaya 32 zuwa 34 a makon farko, sannan a riƙa rage maki 2 ko 3 duk mako. Mutumin da bai san kiwo ba ba zai yi wannan tambayar ba. Na ce a raina, wannan ya san abin da yake yi. Ya sani kuwa. "Ka dai kunna wuta tun yau ko?" Na maimaita saƙon muryar da ya biyo bayan kiran ya fi a ƙirga, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, babu. Minti goma bayan wannan kiran aka tura masa rabin kuɗin buroila 200.

Masu cewa ai da an duba da kyau da an gane, ku tsaya. An duba. A ranar farko ɗan buroila yana kai giram 40 zuwa 45, namijin kajin ƙwai kuma bai yi ƙasa da haka sosai ba, tazarar 'yan giram ce, kuma tsakon da ya sha hanya dole ya rage nauyi saboda rashin ruwa. Eh, ƙafar buroila ta fi kauri, ƙirjinsa ya fi faɗi, amma wannan sai ka riƙe ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu cikin hasken rana. Shi kuwa ya ce za su iso da safe, ba su iso ba sai da duhu ya shiga, wai mota ce ta lalace. A ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya aka buɗe kwali. Direban na ta gaggawa, yana cewa akwai wasu kwalaye a mota za su mutu da zafi. Da hannunsa ya buɗe kwalin sama, ya ciro ɗaya ya ɗora min a tafi. Mai nauyi, ƙafa gwari-gwari, ido tar. Buroila ne na gaskiya, ko yau aka ba ni shi zan ce buroila ne. Ashe a wannan kwalin aka tara na kirkin. Sauran ukun ƙirgawa kawai aka yi, hamsin, hamsin, hamsin, lissafi ya cika 200, aka ba da ragowar kuɗi.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin wannan, kwana biyar baya, ya turo bidiyo yana ɗora tsako a kan sikeli, giram 44. Ya turo hoton wata takarda wai ta rigakafi. Sai daga baya na lura babu ranar ƙyanƙyasa a jikinta, babu lambar rukunin, kuma yatsansa ya rufe wurin da sunan kamfani yake.

Abinci ne ya fara tona asiri, tun kafin sikeli. Buroila ɗaya a makon farko yana cin kusan giram 160, wato 200 za su cinye sama da kilo 30, buhu mai kilo 25 ba zai kai su kwana bakwai ba. Waɗannan an yi mako guda buhun farko bai ƙare ba. Aka zaci sanyi ne, aka duba ma'aunin zafi, daidai yake, kuma ba su cure wuri ɗaya ba, sun bazu yadda ake so. Aka zaci ruwa ne, aka canja mazubi. Aka taɓa 'yar jakar abincin da ke gindin wuyansu, a cike take, laushi-laushi, alamar suna ci suna sha. Lafiyarsu ƙalau, cikinsu ne ba na buroila ba.

Rana ta bakwai aka auna. Ƙa'ida ita ce buroila ya ninka nauyinsa na ranar farko aƙalla sau huɗu, ya kai giram 170 zuwa 200. Aka ɗauki ashirin ba zaɓe: uku sun wuce 170, sauran goma sha bakwai suna tsakanin 65 da 75. Babu ciwon da ke raba garke gida biyu daidai haka, wasu nan wasu can ba na tsakiya. Da ciwo ne ko yunwa, da an ga manya, matsakaita da ƙanana. Halinsu ma ya bambanta. Buroila ya ci ya sha ya kwanta kusa da mazubi, nauyinsa ne ke zaunar da shi. Waɗannan kuwa a kwana goma gashin fiffike ya fito zara-zara, suna tsalle suna hawa kan mazubin ruwa, suna tsere daga wannan kusurwa zuwa waccan. A mako na huɗu jan naman kansu ya miƙe, suka fara tsayawa suna harar juna.

Yau, kwana 42, ya kamata kowanne ya haura kilo biyu, a fara sayarwa. Guda 24 ɗin sun kai. Zakaru 165 ɗin suna wajen rabin kilo. Sai sun yi wata huɗu ko biyar kafin su yi girman da za a kalle su, kuma duk wannan lokacin ɗakin a rufe yake, ba za a zuba sabon rukuni ba. Sannan an ɓata musu abincin farko na buroila mai sinadarin gina jiki kashi 22 zuwa 23 cikin ɗari, wanda shi ne mafi tsada, alhali jikinsu ba zai mayar da shi nama ba ko an ɗura musu. An sayi buhuna bisa lissafin kilo huɗu da rabi kowane kai sau 200, kilo 900 ke nan, buhu 36. Ga su nan a jibge, abincin kaji kuma ba ya son daɗewa, danshi na taɓa shi ya yi fumfuna.

Bari in koma kan goma sha ɗayan da suka mutu. Tsaki mai kyau, mutuwar makon farko bai kamata ta wuce ɗaya cikin ɗari ba, wato biyu cikin 200. Mu 11, tsakanin rana ta biyu da ta biyar. Da aka juya su, cibiyar ba ta rufe ba, wasu da ɗan baƙin ƙullu a wurin, ciki a kumbure, ga wari. Ragowar ƙwanduwar da tsako ke rayuwa a kanta kwana biyu zuwa uku na farko ita ce ta ruɓe a ciki, ƙwayar cuta ta shiga ta cibiya. Wannan daga wurin ƙyanƙyasa yake tasowa, irin waɗanda ake warewa gefe ne a ce ba su cika sharaɗi ba. Wato ko zakarun ma ba masu daraja ta ɗaya ya sayo ba. Da aka tura masa hoton, cewa ya yi gawayi ne ya shaƙe su. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa, ba musu, amma a dare ɗaya yake kwasar su da yawa, ba ya kumbura cibiya. Kuma sai da gawayin ya ruru a waje ya daina hayaƙi aka shigar da shi, an bar kafar iska a saman labule. Ya san da haka, don shi da bakinsa ya ba da wannan shawarar a kiran nan na "ka dai kunna wuta".

Sai akurkin. Biyu ya kawo, kowanne wai na kaji 100. Aka sa awo: tsawo mita biyu, faɗi mita ɗaya da rabi. Murabba'in mita uku ke nan. Buroila a ƙasa, idan sun girma, goma ake zubawa a murabba'in mita ɗaya, inda ake zafi ma a rage. Talatin zai ɗauka, ba ɗari ba. Wanda ya cusa ɗari a ciki zai ga shimfiɗa ta jiƙe sharkaf cikin kwanaki, warin kashi mai yaji ya riƙa sa ido hawaye, tari ya shiga, su fara tsattsagar juna, ranar da rana ta buɗe kuma su mutu a tsaye. 

Ragar da ya sa irin siririyar nan ce mai ido mai kusurwa shida, ramukanta kusan santimita biyar. Wannan kaza kawai take tsarewa kar ta fita. Ɓera na wucewa, maciji na wucewa, tsako ɗan kwana uku ma yana zura jikinsa ya fice, kare kuwa da haƙori zai yage ta. Abin da ake buƙata ragar walda ce mai rami bai fi santimita ɗaya da ɗigo uku ba, a kuma binne gindinta ko a shimfiɗa ta waje santimita 30 saboda masu tono. Rufin kwano ne tsirara, ƙasa-ƙasa, ba silin, ba baki da ya fito ya tare feshin ruwan sama. Babu katangar ƙasa da za ta riƙe shimfiɗa, alhali sassaƙen katako ko buntun shinkafa sai ya yi kaurin santimita 5 zuwa 10. Katakon ɗanye ne, a mako uku ƙofar ta karkace sakata ta daina shiga. A hoton talla an ɗauke shi daga ƙasa ne, ba mutum ko wani abu a gefe da za ka gwada girmansa da shi. Da ba don akwai ɗakin da aka riga aka shirya ba, da asarar ta fi haka.

Da aka tura masa hoton sikeli a rana ta bakwai, ya ce a ƙara musu bitamin. Rana ta goma sha huɗu ya ce wani sabon iri ne mai jinkirin tashi, a mako na biyar yake buɗewa. Babu irin wannan buroilan. Kafin nan ma, ina jin rana ta goma ce, ya ce zai yi magana da kamfani a musanya 50. Mako na uku ya daina ɗaga waya, ya toshe layin WhatsApp, shafin tallar ya canja suna amma hotunan su ne dai, har da wannan sikelin mai nuna giram 44. Jiya na ga wata baiwar Allah tana tambayarsa ko akwai ɗari. Wallahi shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit biyu na tura kuɗi, da saƙon muryar, da bidiyon zakarun a kan sikeli kusa da ɗaya daga cikin 24 ɗin. Zan ɗora su da zarar na rufe lambobin asusu da fuskar direban, kuma an riga an kai ƙorafi inda ya dace. Buroila 200 aka biya. Ba a nemi ragi ba, ba a ja ciniki ba, abin da ya faɗa shi aka ba shi.

Ku sayi tsaki daga wurin ƙyanƙyasa kai tsaye ko wakilin da kuka kira kamfanin ya tabbatar muku da shi. Kar ku karɓi kaya da dare. Ku buɗe kowane kwali da hannunku, ku duba cibiya da ƙafa, ku nemi takarda mai ranar ƙyanƙyasa da sunan iri. Ku auna ashirin ranar farko, ku sake aunawa rana ta bakwai, in za ta yiwu ku riƙe wani kaso na kuɗin har zuwa ranar. Akurki kuma ku tambayi tsawo da faɗi da mita, ku yi lissafin da kanku kafin ku tura ko sisi.