Lissafin Shekara Takwas a Cikin GnuCash: Abin da Na Gani Bayan Wata Biyar

Tun daga Janairun 2016 nake rubuta abin da ya shigo hannuna da abin da ya fita a jadawalin Excel, shafi ɗaya ga kowace shekara, da gurbi uku kacal: kwanan wata, bayani, da adadi. Na daɗe ina ɗaukar kaina mutum mai tsari, har ranar da na zauna lissafin zakka a azumin 2024, na kasa faɗin nawa na mallaka a wannan rana, nawa nake bin mutane, nawa kuma ake bina. Jadawalin ya san abin da na kashe, amma bai san inda sauran kuɗin suke ba. Wannan ne ya kai ni ga GnuCash, kuma yanzu wata biyar ke nan ina aiki da ita.

GnuCash manhaja ce ta kyauta wadda aka fara fitarwa a 1998, masu aikin sa kai ne ke kula da ita, tana kuma aiki a Windows da macOS da Linux. An gina ta ne a kan tsarin shigar da kowace mu'amala ta ɓangare biyu, tsarin da 'yan kasuwar Italiya suka daɗe suna bi kafin masanin lissafi Luca Pacioli ya yi bayaninsa a rubuce a birnin Benis a 1494. Ƙa'idar ita ce kuɗi ba sa faɗowa daga sama kuma ba sa ɓacewa: duk nairar da ta shiga wani asusu, dole a nuna asusun da ta fito. Asusun kuwa gida biyar ne, wato kadara, bashin da ke kanka, jari, kuɗin shiga, da kuɗin da aka kashe. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne manhajar ba ta tilasta wa sabon shiga kalmomin akantoci, domin a shafin asusun banki ajiya da cirewa kawai take nunawa, sai in mutum ya zaɓi a sauya masa.

Kuskurena na farko shi ne ɗokin kwashe shekara takwas ɗin gaba ɗaya a dare guda. Na mayar da jadawalan zuwa fayil ɗin CSV, wato nau'in fayil na rubutu zalla da manhajar ke iya karantawa, na loda su, ba tare da lura cewa dole in gaya wa manhajar ko rana ce a gaba ko wata ba, har 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris. Ita ta ba ni zaɓin, ni ne na yi gaggawa. Da na gyara wannan, sai na tarar da ɗaruruwan layuka sun taru a wani asusu da ta buɗe da kanta mai suna Imbalance-NGN, inda take ajiye duk mu'amalar da ba a faɗi ɗaya ɓangarenta ba. A nan na gane cewa matsalar ba ta lodawa ba ce. Layin da ya ce “Yaya, 40,000” a 2018 bai nuna ko kyauta ce, ko rance, ko biyan bashi ba, ni ma kuma na manta.

Sai na sake shawara. Na bar shekarun 2016 zuwa 2020 a matsayin jimilla ta wata-wata, na ɗauki 1 ga Janairun 2021 a matsayin mafari, na shigar da abin da ke kowane asusu a ranar ta hanyar asusun buɗe lissafi da ke ƙarƙashin jari, sannan na dogara da takardun bayanan asusu na banki maimakon rubutuna. Daga nan aiki ya yi sauƙi sosai, domin manhajar tana koyo daga zaɓin da mutum ya yi: idan ka tura kuɗin wuta ko na data zuwa gidansu sau biyu ko uku, a lodi na gaba ita za ta ba da shawarar inda za su. Takan yi kuskure, musamman a sunayen masu POS da ba su da ma'ana, don haka ban taɓa amincewa da lodi ba sai na bi shi layi-layi.

Inda tsarin ya fi burge ni shi ne adashe. Shekara da shekaru ina rubuta zubi a matsayin kuɗin da na kashe, kwasa kuma a matsayin kuɗin shiga, wanda ya sa watan da na kwasa yakan yi kama da watan arziki, sauran kuma su yi kama da na almubazzaranci. Gaskiyar magana ita ce, kafin mutum ya kwasa, abin da ya zuba kuɗinsa ne da ke hannun wasu, bayan ya kwasa kuwa, ragowar zubin bashi ne a wuyansa. Na buɗe asusu ɗaya ga kowane zagaye na adashe, kuma idan zagayen ya ƙare dole asusun ya koma sifili, in bai koma ba to akwai zubin da ban rubuta ba. Haka na yi wa rance: kowane mutum da asusunsa. Mun san ayar bashi a Suratul Baƙara tun muna yara, amma sai yanzu na ga cewa rubuta adadi ba tare da sunan wanda ke ɗauke da shi ba rabin rubutu ne.

Farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, shi ne ya fi ba ni wahala. A watannin nan kusan komai ta waya aka biya, kuma duk cirar kuɗi a wurin mai POS mu'amala ce mai kai biyu: tsabar da ta shiga aljihu da ladan da aka yanka. Manhajar tana bari a raba mu'amala ɗaya zuwa asusu da yawa, sai na ware ladan daban, na haɗa shi da kuɗin alat da naira 50 ɗin nan da ake cira a lokacin idan an turo naira 10,000 ko fiye. Da na buɗe rahoton shekarar, jimillar waɗannan ƙananan yanke-yanken ta fi kuɗin ruwan sha da na biya.

Akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar gwadawa ya sani. Manhajar kwamfuta ce, ba a tsara ta don rubuta kuɗin adaidaita sahu a tsaye a bakin titi ba, saboda haka har yau ina tara ƙananan kashe-kashe a waya in shigar da su ranar Asabar. Kamanninta na da ne, rahotanninta kuma sai an zauna an daidaita su kafin su nuna abin da ake so. A ɗaya ɓangaren, bayanan suna cikin fayil ɗaya a kwamfutarka, ba ta buƙatar intanet, kuma duk lokacin da ka adana takan bar tsohon kwafi mai ɗauke da kwanan wata, wanda ya cece ni ranar da na goge asusun makarantar yara bisa kuskure.

Yanzu kowane ƙarshen wata nakan daidaita asusun banki da takardar bayanansa, aikin da ba ya wuce minti ashirin, kuma bambancin yana sauka a sifili. Asusun aljihu ne kawai ya ƙi, domin akwai naira 17,300 daga 2022 da har yanzu ban gano inda suka tafi ba. Na buɗe musu asusu na kansu, na sa masa suna “Ban sani ba”, na bar su a can.