Ofishin lauyoyin da ya sabunta mini bizar aiki a Birtaniya: inda ya ƙware da inda ya gaza

A ƙarshen shekarar 2022 aka ba ni bizar ƙwararrun ma'aikata ta Birtaniya, ta tsawon shekara 3, bisa ɗaukar nauyin kamfanin da nake yi wa aikin gyaran injuna. Saboda haka tun daga tsakiyar 2025 hankalina ya koma kan ranar da za ta ƙare. Kamfaninmu ba ya cike waɗannan takardu da kansa, yana da wani ofishin lauyoyi na harkar shige da fice da yake miƙa wa aikin, kuma wannan ofishi ne nake son in bayyana yadda ya yi da ni. Ba zan kama sunansa ba, domin abin da na gani a wurinsu ya shafi duk wanda kamfaninsa ya haɗa shi da lauyan da ba shi ya zaɓa ba.

Kafin in miƙa musu ko da hoton fasfona sai da na bincika ko suna da rajista, tun da a Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawara kan shige da fice ba tare da izini ba. Yawancin lauyoyi a Ingila suna ƙarƙashin hukumar SRA mai sa ido kan aikinsu, masu ba da shawara da ba lauyoyi ba kuma suna ƙarƙashin hukumar IAA, wadda ake kira OISC kafin watan Janairun 2025. Na samu sunan ofishin a rajistar da ta dace, kuma wannan bincike bai ci mini minti goma ba.

Inda suka nuna ƙwarewa ta gaske shi ne a kan takardar shaidar ɗaukar nauyi, wadda kowa ke kira CoS. Ba takarda ba ce da ake riƙewa a hannu, lamba ce da kamfani mai lasisin ɗaukar nauyi yake fitarwa ta intanet, ɗauke da sunan aikin ma'aikaci da lambar sana'arsa da albashinsa da tsawon lokacin da za a ɗauke shi, kuma wajibi ne a shigar da neman biza cikin wata 3 da fitar da ita. Tsakanin bizata ta farko da lokacin sabuntawa dokoki sun sauya ƙwarai. A ranar 4 ga Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashin da ake buƙata ya tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, aka kuma sauya jadawalin lambobin sana'o'i gaba ɗaya. A ranar 22 ga Yulin 2025 ya sake tashi zuwa fam 41,700, aka kuma ɗaga matakin ƙwarewar da ake nema zuwa daidai da na digiri. Albashina bai kai wannan adadi ba, aikina kuma ba na matakin digiri ba ne, don haka jami'ar kula da ma'aikata ta kamfaninmu ta fara yi mini magana irin ta mai shirin sallama, ni kuwa na yi kwanaki barci ba ya ɗaukata yadda ya kamata.

Lauyar da aka ba fayil ɗina ta warware wannan a zama ɗaya. Ta bayyana mana cewa wanda aka fitar wa CoS ta farko kafin 4 ga Afrilun 2024, kuma bai fita daga wannan biza ba tun daga lokacin, yana cikin tsarin rangwame inda ake auna shi da fam 31,300 ko kuma albashin da aka ƙayyade wa sana'arsa a jadawalin albashi mai rangwame, duk wanda ya fi yawa a cikin biyun, sannan sabon sharaɗin digiri bai hau kan waɗanda suka riga suka shiga tsarin ba. Ba ta tsaya nan ba. Ta nemi a turo mata bayanin ayyukan da nake yi a kullum, ta kwatanta shi da daftarin CoS, ta gano cewa lambar sana'ar da aka zaɓa daga sabon jadawali ba ita ce ta gaji tsohuwar lambata ba. Da an shigar da ita haka, da ya zama tamkar na sauya sana'a, kuma da an auna albashina da ma'aunin wani aiki dabam. An gyara kafin a fitar da takardar. A ganina wannan gyara kaɗai ya biya duk abin da kamfanin ya kashe a kansu, domin cike fom ɗin kansa ba abu ne mai wuya ba ga mai haƙuri, abin da ke da wuya shi ne gane kuskuren da ba ya kama da kuskure.

Sun kuma yi mini bayani mai kyau a kan lokaci. Muddin an shigar da neman kafin tsohuwar bizar ta ƙare, sashe na 3C na Dokar Shige da Fice ta 1971 yana riƙe wa mutum izinin zamansa da na aikinsa har a yanke hukunci. Sai dai wanda ya fita daga Birtaniya da ƙasar Ayilan da ƙananan tsibiran da ke cikin yarjejeniyar zirga-zirga ɗaya da su kafin hukuncin ya fito, ana ɗaukar ya janye nemansa. Sun rubuta mini wannan gargaɗi a wasiƙarsu ta farko, kuma na ɗage wata tafiya saboda shi.

Gazawarsu ta bayyana ne a kan iyalina, kuma ita ce ta sa na fahimci cewa kamfani ne mai lauya, ni ina gefe. Bizar maiɗakina da ta 'yarmu ba sa sabuntuwa don tawa ta sabuntu, kowace sai an shigar mata da nata neman. Na ɗauka ofishin yana shirya mu ukun tare, tun da na ba su sunayensu a fom ɗin farko da suka turo, sai da ya rage makonni kaɗan wani ƙaramin ma'aikacinsu ya sanar da ni cewa yarjejeniyarsu da kamfani ta tsaya a kaina ni kaɗai, kuma idan ina son su yi na iyali sai na biya ladan aikinsu daga aljihuna. Ban ga laifi a neman ladan aiki ba. Laifin shi ne jinkirin faɗa, domin kuɗin da ke gaban mai iyali ba kaɗan ba ne. Harajin kiwon lafiya kaɗai, wanda ya zama fam 1,035 a shekara ga babba da fam 776 ga yaro tun watan Fabrairun 2024, ya kama mana fam 5,692 na shekara 2, ban da kuɗin neman bizar kowane ɗayanmu, kuma duka ana biya ne a dunƙule ranar shigarwa. Mutumin da zai tara irin wannan kuɗi yana buƙatar a sanar da shi tun da sauran watanni a gaba.

Amsa saƙo ma ta yi musu nauyi. Idan jami'ar kamfaninmu ta rubuta musu, amsa kan zo a ranar, idan ni na rubuta sai in jira kwana huɗu ko biyar, kuma sau da yawa daga hannun wani sabon mutum da sai na sake yi masa bayani daga farko. Haka nan sun matsa mini in biya kuɗin gaggawa na fam 500 a kan kowane mutum don a samu hukunci cikin kwanakin aiki 5, alhali su da kansu sun faɗa mini cewa sashe na 3C ya kare ni, kuma hukunci yakan fito cikin mako 8. Na ƙi biya, ban kuma yi nadama ba. Sai dai in yi musu adalci a wani wuri: lokacin da sashen kuɗi na kamfaninmu ya tambaya ko za a cire kuɗin CoS daga albashina, lauyar ta ba su amsa a rubuce cewa doka ta hana ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi, haka ma harajin da kamfani ke biya a kan kowane ma'aikacin da ya ɗauki nauyinsa.

Hukuncin ya fito kafin mako 8 su cika, mu ukun duka. Ba a ba mu kati ba, tun da katunan shaidar zama sun daina aiki a ƙarshen 2024, sai bizar ta bayyana a asusunmu na intanet, na ciro lambar tantancewa na ba kamfani. Lauyar ta lissafa tsawon sabuwar bizar ta yadda za ta kai ni cikar shekara 5 da ake buƙata a lokacin don neman izinin zama na dindindin, ta kuma ja kunnena kada kwanakin da nake yi a waje su wuce 180 a cikin kowane wata 12, tare da tunatar da ni cewa gwamnati ta gabatar da shawarar mayar da wa'adin shekara 10 a watan Mayun 2025. Idan wancan lokaci ya zo zan koma wurin wannan lauya, amma da yarjejeniya a rubuce da sunana, wadda ta ƙunshi maiɗakina da 'yarmu tun daga shafin farko.