Neman Kaka a Takardun Jirgin Ruwa: Na Ellis Island Ko Na Ingila?

Ɗan'uwa, ka ce kakanka ya bar Kano wajen 1953 ya tafi Ingila karatu, ta jirgin ruwa daga Ikko, kuma wani abokinka ya ce ka duba rajistar Ellis Island, wai can ake samun sunan kowa. Kana tambaya wacce ta fi, ita ko ta Ingila.

Malam, abokin naka ya nuna maka gona mai albarka, sai dai ba taku ba ce. Takardar fasinjoji tana zama ne a ƙasar da jirgi ya sauka ko ya taso. Ellis Island tsibiri ne a bakin New York, an buɗe shi 1892 aka rufe 1954, mutum fiye da miliyan 12 suka bi ta cikinsa, yawancinsu daga Turai. Wanda ya sauka Liverpool ba shi da abin yi a can.

Amma in ana maganar cikar bayani, gaskiya ta Amurka ta yi zarra. Tun 1820 doka ta wajabta wa kyaftin ya miƙa sunayen fasinjoji, ko da yake na farkon ba su da nama: suna, shekaru, sana'a, ƙasa, shi ke nan. Daga 1893 aka fara tambayar inda mutum ya zauna a ƙarshe, wa ya biya masa kuɗin jirgi, nawa ke aljihunsa, wurin wa za shi. Zuwa 1907 takardar ta zama shafi biyu, har da garin haihuwa, tsawonsa, launin idonsa, da suna da adireshin ɗan'uwan da ya baro gida. Wannan layi na ƙarshe shi ne zinariyar, domin shi ke mayar da jika ƙauyen asali. Binciken suna kuma kyauta ne, a shafin intanet na gidauniyar Ellis Island da na FamilySearch, wani shafin binciken asali. Af, zancen da ake yi wai jami'an tsibirin suna canza wa baƙi suna, ba haka ba ne. Kamfanin jirgi ne ke cika takardar tun a tashar da aka taso.

Ta Ingila ramammiya ce in aka jera su. Ma'aikatar ciniki ce ta tara ta, yanzu tana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, a Landan. Ta masu shigowa, mai lamba BT 26, ta kama daga 1878 zuwa 1960, ta masu fita kuwa, BT 27, daga 1890 zuwa 1960. Abin da za ka samu shi ne suna, shekaru, sana'a, ajin da ya hau, ƙasar da ya fito, da adireshin da zai sauka. Ba garin haihuwa, ba sunan uba. "Nigeria" kawai za ka gani, ba Kano ba. Ga shi kuma sai an biya: shafin intanet na Ancestry ke da ta shigowa, na Findmypast na da ta fita.

Duk da haka ita ce taka, kuma ka yi sa'a biyu. Jiragen da suka taso daga wajen Turai kaɗai aka rubuta a ta shigowa, Ikko na ciki. Sannan 1953 ta faɗo kafin a daina. A lokacin kamfanin Elder Dempster ke jigila tsakanin Ikko da Liverpool da jirage uku masu suna Accra, Apapa da Aureol, tafiyar kusan mako biyu, ana yada zango a Takoradi da Freetown. Kada ka raina adireshin nan. Sau da yawa sunan kwaleji ne ko masaukin ɗalibai, daga nan sai ka rubuta wa makarantar. Ka nemi ta fita ma, ita za ta gaya maka shekarar da ya dawo.

Inda aikin yake shi ne rubutun suna. Magatakardan jirgi ya rubuta yadda ya ga dama, wanda ya kwafe zuwa kwamfuta ya ƙara nasa. Muhammadu na iya zama Mohammed, Mahomed ko Mamman. Abubakar ya koma Bukar ko Garba. Wani an ɗauki "Mallam" a matsayin sunansa na yanka, wani sunan garinsu ne ya zama na mahaifi, kamar yadda aka saba a makarantun boko na wancan zamani. Saboda haka ka gwada Kano a gurbin sunan uba. In ya ƙi, bar sunan, ka tace da shekara da tashar Liverpool, ka bi shafukan jiragen nan uku na watan Agusta da Satumba, lokacin da ɗalibai ke tafiya kafin buɗe makarantu.

Kafin ka biya ko kwabo, tambayi tsofaffin gidanku ko da jirgin sama ya tafi. In haka ne, babu shi a ko ɗaya daga cikin biyun.