Farantin mayolika na Deruta: na jere ne, ba na tuwo ba

Mai odar kayan jere ta intanet daga Katsina kan ci karo da farantan Italiya da ake kira mayolika. Wanda muka duba mai faɗin santimita 30 ne, aikin garin Deruta, kwaikwayon irin waɗanda aka yi a garin Urbino a ƙarni na 16. Zanen daga tatsuniyar Girkawa ne: Afolo, ɗaya daga allolinsu, ya biyo wata budurwa Dafni, ita kuwa tana rikiɗa zuwa bishiya, yatsunta sun fara tsiro da ganye.

Jikinsa yumɓu ne, ba tangaran irin na Sin ba. A ƙwanƙwasa shi da farce, ƙararsa a dakushe take. Gashi biyu ake masa. Bayan na farko, a zafi kusan digiri 1000, sai a tsoma shi cikin ruwan gilashi da aka haɗa da kuza, kuma kuzar ce ke ba shi farin nan kamar kindirmo. In ruwan gilashin ya bushe sai ya zama kamar gari, a kan wannan busasshen gari mai zane ke aiki, ga shi yana shanye launi nan take, kuskure ba ya goguwa. Shuɗi daga ma'adinin kobalt, kore daga tagulla, rawaya daga ma'adinin antimoni. Sai gashi na biyu ya narkar da komai wuri guda.

Nan ake gane zanen hannu. A karkata shi wajen taga: shuɗin sararin sama ya yi kauri a wani wuri, ya tsinke a wani, sawun burushi a fili. Na bugun inji kuwa, in an kusanto da kyamarar waya, ɗigo-ɗigo za a gani a jere. Namu ya ci wannan jarrabawa, sai dai fuskar Afolo an yi ta cikin gaggawa, ido ɗaya ya fi ɗaya.

Rauninsa a bakin gefensa yake. Gilashin yana ɓantarewa da ɗan bugu, jan yumɓu ya leƙo. Ruwan zafi bayan sanyin hunturu kan jawo masa tsaga sirara kamar yanar gizo, don gilashi da yumɓu ba sa motsi tare. Wajen goge shi, ƙyalle mai laushi ya isa, ban da soson ƙarfe. Tsofaffin na ainihi akwai dalma a gilashinsu, wasu kwaikwayon ma haka, don haka kada a zuba masa tsamiya ko zoɓo sai mai sayarwa ya tabbatar a rubuce cewa babu dalma.

Hajiya mai haɗa wa amarya ɗaki, a nemi hoton farantin gaba ɗaya kafin a biya, domin yawancin mutanen cikin waɗannan zane-zane suturarsu ba ta kai ta kawo ba. Deruta na yin masu zanen ganye da furanni zalla, kuma sun fi zama lafiya a falon da surukai ke shiga.