Wasiƙa Daga Jamus: Takardar TÜV Ba Ta Ba da Shaidar Lafiyar Inji

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da aka fi turo wa mazauna Turai daga Kano, Kaduna ko Maraɗi ita ce ta mota: ga wata Golf ko Corolla 'yar Beljiyam, dillali ya rantse tana da takardar TÜV, wato shaidar binciken mota ta Jamus, a saya ko a bari? Kafin a amsa, sai an san abin da takardar nan ta ƙunsa.

A Jamus sabuwar mota tana zuwa binciken farko bayan shekara 3, daga nan kuma duk bayan shekara 2. Kamfanoni irin su TÜV, DEKRA da GTÜ ke yin aikin, kuɗinsa wajen Yuro 150 har da awon hayaƙi, sannan a manna ɗan tambari mai launi a lambar baya. Mai binciken zai duba birki, fitilu, taya, sitiyari da tsatsar ƙarƙashin mota, kuma tun 2018 kowace mota sai an zura mata ma'auni a salansa. Amma ba zai kwance fulogi ko ɗaya ba, ba zai tambayi yaushe aka sauya taimin bel ba. Damuwarsa kada motar ta hallaka wani a hanya ko ta gurɓata iska. Injin da ke shan litar baƙin mai a kilomita 1,000 yakan wuce wannan bincike lafiya lau.

Sai kuma dalilin da ya sa motar ta baro Turai. A nan aikin hannu ne ke da tsada. Awa ɗaya ta bakanike tana kamawa daga Yuro 80 zuwa sama da 150, saboda haka sauya gasket ɗin top silinda kaɗai yakan haura Yuro 1,000. Wanda motarsa ba ta wuce Yuro 2,000 ba, ba zai yi wannan gyara ba. Shi ma dillalin Jamus in ya sayar wa ɗan ƙasa tsohuwar mota, doka ta ɗora masa alhakin lahaninta na aƙalla shekara guda, sai ya gwammace ya rubuta mata "nur für Export", wato ta fita waje ce kawai. Irin waɗannan ne ke taruwa a titin Heyvaert na Burasel, su hau jirgi a Antwerp ko Hamburg, su sauka Kwatano, Lome ko Legas. Da yawansu injinsu garau yake. Tsatsa ce ta kore su, ko dokar hana tsofaffin motoci shiga tsakiyar gari. Wasu kuwa ciwon yana can cikin injin, kuma ba wanda zai faɗa maka.

Lambar kilomita ma haka take. Beljiyam tana da takardar Car-Pass tun 2006, wadda ke nuna kilomitar da aka rubuta duk lokacin da motar ta shiga gareji, kuma dole mai sayarwa ya miƙa ta ga mai saye. Jamus ba ta da rumbu irin wannan. Abin dogaro shi ne littafin sabis, tsofaffin takardun TÜV da ke ɗauke da kilomita, da 'yar takardar da ake ratayawa cikin bonet ranar juyen baƙin mai. In agogo ya nuna 120,000 alhali robar fedar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, an taɓa agogon.

Masu saye a nan sukan kai mota cibiyar gwaji, su biya wajen Yuro 100 a duba musu. A gida ba a buƙatar cibiya. Bakanike mai natsuwa da kayan awo uku zai gama aikin cikin awa biyu.

Sharaɗin farko, a samu injin a sanyaye, wanda ya kwana ba a tayar ba. Ɗora hannu a kansa. In da ɗumi, a ɗage zuwa gobe da sassafe, domin yawancin aibobi da zafi suke ɓuya. In kuma an wanke shi yana ta sheƙi, to an wanke shaidar yoyo ke nan, sai a sake leƙawa bayan an zaga da motar. A zaro gejin baƙin mai a murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a dizal. Abin tsoro shi ne ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko warin fetur, ko launin shayi da madara. A buɗe murfin zuba mai a juya shi. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashinsa yakan taru a motar da ta sha gajerun tafiye-tafiye cikin hunturun Turai, shi kaɗai bai isa hukunci ba. Amma in ya haɗu da raguwar ruwan lagireto, gasket ake zargi.

Kafin a tayar, a murɗa makulli a ga fitilun dashbod sun kama duka, har da fitilar inji da ta baƙin mai. Wadda ba ta kama ba, cire ta aka yi ko aka rufe. Sannan a tayar ba tare da taka totur ba, mutum ɗaya yana tsaye a bayan salansa, ɗaya a gaban bonet. Daƙiƙa biyar ɗin farko su ne masu magana. Kacau-kacau na 'yan daƙiƙu daga gefen taimin cen yana nufin sarƙar ta miƙe ko abin ɗaure ta ya saki, ciwon da ya yi suna a wasu injinan TSI na Volkswagen na farko-farko. Ƙas-ƙas daga sama da ke ɗaukewa in mai ya hau, na bawul ne, da sauƙi. Bugu mai nauyi daga ƙasa da ke ƙaruwa da totur, metal ne ya cinye, ba a ciniki a kansa.

Shuɗin hayaƙi mai ɗaukewa bayan tayarwa, robobin bawul ne suka bushe. Wanda ke bin totur kuwa, ringi ne ko tabo (turbo). Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa, a duba nozul da filtar iska. Farin tururi da safe ruwan raɓa ne. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwan lagireto ne ke ƙonewa a cikin silinda.

A nan ne aikin garejin Jamus ya bambanta da namu. Bakanikenmu kunne gare shi, kuma kunnen nan ba abin rainawa ba ne. Akwai masu jin fulogi ɗaya ya mutu tun motar tana bakin ƙofa. Na nan kuwa ba ya yanke hukunci sai da lamba a rubuce. Ma'aunin matsin silinda bai wuce Yuro 30 ba, amma garejin gida nawa ne ke da shi? Ga yadda ake yi. A ɗumama injin, a kwance fulogi duka, a cire fiyus ɗin famfon mai da wayar koyil, a ɗaura ma'aunin a ramin fulogi na farko, a take totur har ƙasa, a juya kik kamar daƙiƙa 5, a rubuta lambar. Haka har silinda ta ƙarshe, da batir mai cikakken caji. Injin fetur mai lafiya yakan ba da 10 zuwa 14 a ma'aunin bar, wato wajen 145 zuwa 200 a ma'aunin psi. Abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin silindoji: kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Injin da ya ba da 12, 12, 11.5, 12 lafiyayye ne. Wanda ya ba da 12, 7, 7, 12, gasket ya ƙone tsakanin ta biyu da ta uku. In silinda ɗaya ce ta yi ƙasa, a zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai a sake awo: in lambar ta tashi, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci, in ba ta motsa ba, bawul ne. Dizal na da nasa ma'aunin daban, matsinsa yakan haura bar 25, kuma ba a yi masa gwajin zuba mai, domin yana iya kamawa.

Kayan awo na biyu wani bututu ne mai shuɗin ruwa da ake kafawa a bakin tankin ruwan lagireto inji yana aiki. In hayaƙin silinda yana tsallakawa cikin ruwa, shuɗin zai koma kore ko rawaya. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, kuma yana kama gasket tun bai fara sa mota ɗaukar zafi ba. Kada dai a buɗe murfin lagireto inji na da zafi; ruwan yana ƙarƙashin matsi, ya wuce digiri 100, yana ɗaye fata.

Na uku sikana ce, wato na'urar karanta kwamfutar mota. Motocin fetur na Turai daga 2001, na dizal daga 2004, na Amurka tun 1996, duka suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0171 iska ta yi wa mai yawa, P0016 taimin ya goce, P0420 kuma matatar hayaƙi ta jikin salansa, abin da bakanikenmu ke kira indomi, ne ya gaji ko an fafe shi. Rashin ganin kod ba ya wanke mota, tunda goge shi aikin minti ɗaya ne. A shiga shafin da ke nuna ko kwamfutar motar ta kammala gwaje-gwajen kanta. In yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. A yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30 da hawan tudu, a sake sakawa. A wannan tafiyar allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya cak, fitilar baƙin mai kuma kada ta ƙifta a sulo bayan inji ya gasu.

Wani abin takaici shi ne injin da ya tsallake duk wannan awo, mu ne ke kashe shi a watan farko. Da motar ta iso sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a zubar da ruwan sanyaya inji a ɗura na rijiya, wai ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai ba, kwamfuta za ta ci gaba da ƙara fetur tana zaton safiya ce, fetur ɗin ya wanke man jikin silinda, ringi ya cinye. Ruwan rijiya kuma yana barin gishiri da tsatsa, ya toshe lagireto ya ci famfon ruwa, zafin da ake gudu ya zo da kansa. Haka zancen baƙin mai: injin da aka rubuta wa 5W-30, in aka ɗura masa 20W-50, man ba ya saurin isa siraran hanyoyin da ke sarrafa taimin. Abin da ya kamata a sauya shi ne tazarar juye. A nan akwai motocin da ke yin kilomita 30,000 kafin juye, a kan titi marar ƙura. Da ƙurar hunturu da cunkoson Kano, 5,000 zuwa 7,000 ya isa, filtar iska kuma a riƙa duba ta kowane wata.

Inda gida ya fi nan shi ne gyara. Gasket ɗin da ya sa Bajamushe ya rabu da motarsa, a gida aikin kwana biyu ne, kayan kuma suna Ƙofar Ruwa ko Panteka. Saboda haka motar da awo ya nuna gasket ko bawul ba lallai a guje ta ba. A sa takardar lambobin a gaban dillali, a cire kuɗin gyaran daga farashi, a kuma kai top ɗin wajen masu injin gogewa su auna ko ya lanƙwashe kafin a ɗaura sabon gasket. Taimin bel kuwa, in babu takardar da ta nuna ranar sauya shi, a sauya shi tare da rolarsa da famfon ruwa kafin tafiyar farko mai nisa, domin a yawancin injinan yanzu in ya tsinke fistin ne zai daki bawul.