Ƙwarewar Hannu Ko Juriya: Wanne Za a Fara Ginawa a Wasan Pul Na 14.1?

Masu koyo sun sha tambayata: in mutum yana son zura ƙwallaye da yawa a rami a jere ba kuskure, gyaran bugu zai sa a gaba ko juriya?

A wannan wasa na buga ƙwallaye da sanda a kan tebur mai ramuka, kowace ƙwallo maki ɗaya ce, kuma sai ka faɗi ramin da za ta faɗa. In 14 sun shiga, sai a sake jera su, ka buga ta 15 yadda farar ƙwallo, wadda ake bugawa da sanda, za ta tarwatsa tarin. A nan ƙwarewa take. Tun da sauran ƙwallaye biyar ko shida ya kamata ka zaɓi wadda za ka bari, ka rage yawon farar, ka warware waɗanda suka cunkushe da wuri. Koyon wannan yana cin lokaci, amma in ya zauna a hannu ba ya saurin gushewa.

Juriya ta fi sauƙin samu, ta kuma fi saurin tafiya in aka bar atisaye. Ƙwararren ɗan wasa Willie Mosconi ya zura ƙwallaye 526 a jere a 1954, wani ƙwararren, John Schmidt, ya kai 626 a 2019, bayan awa huɗu yana sunkuye. Baya na ciwo, hankali na gudu, sai a zubar da bugu mai sauƙi. Ni wannan kuskuren ya fi yi mini zafi.

Wanda ke tsayawa a jeri na biyu ko na uku, ya duƙufa kan tsara ƙwallayen ƙarshe. Wanda ya saba wuce maki 100 amma yake faɗuwa saboda gajiya, ya tsawaita zaman atisayensa.